Mukhtaru Mai Birki da Ƙafar Inna

Duk wanda ya san unguwar Hindawiyya, da ba ta da nisa da Harami, da sassafe ya san kukan ƙofar warsha, wato garejin Mukhtaru Sabitu. Ƙofar ƙarfe ce mai naɗewa sama, kuma tun ina ɗan firamare take wannan kuka in ya ɗaga ta. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hana birkin motocin jama'a ƙara bai taɓa samun sukunin ɗiga wa ƙofar kansa mai ba. Na sha yi masa tsiya a kan haka, amsarsa kullum ɗaya ce: ƙofa ba ta taɓa kashe kowa ba.

In ya fito daga sallar asuba sai ya biya ta wurin mai tanderu ya karɓi burodinsa na tamis da zafinsa, ya zo ya ɗaga ƙofar, ya share gaban warsha har da na maƙwabcinsa mai gyaran kujerun mota. Ya shimfiɗa tsumma a kan benci ya jera sifanoninsa, ƙarami zuwa babba. Sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya da ta zame masa kujera, ya ɗauki kofin shahi marar sukari, yana jiran direban tasi na farko da zai zo yana rantsuwa cewa jiya-jiyan nan birkinsa lafiya lau yake. Ba ya taɓa inji. Ba ya taɓa na'urar sanyaya mota, duk da a garin nan ita ce abincin makanikai. Birki kawai. Larabawan unguwa suna ce masa Abu Faramil, wato uban birki, mu kuwa da muka gaji Hausa a bakin iyayenmu muna ce masa Mai Birki.

Ƙa'idodi biyu gare shi, kuma ban taɓa jin wanda ya sa ya karya ko ɗaya ba. Ta farko, in za a fitar da iska daga birki, mai mota ne zai zauna ya riƙa taka fedar da ƙafarsa, shi kuwa yana ƙasa wajen taya yana buɗe noti yana rufewa. Ko kai wane ne, ko farar rigarka ta kai ina a guga, sai ka zauna ka taka. Yakan ce ƙafar da za ta dogara da birki a titi ya kamata ta san yadda yake tun yana jariri. Ta biyu, motar da ya gyara ba ta barin hannunsa sai ya shiga gefen direba an yi gwajin farko da shi. In akwai kuskure a aikinsa, yana so ya kasance a cikin motar ranar da kuskuren zai bayyana.

Bandar, direban tasi ne da ya tsufa a layin Hindawiyya, ya ba ni labari yana dariya har da hawaye. Wata shekara ana tsakiyar zirga-zirgar alhazai ya kawo motarsa a canza masa takalman birki na gaba. Mukhtaru ya leƙa ya ga tiyon baya ya tsage yana gumi. Bandar ya ce wannan sai bayan hajji, yanzu fasinja na jira. Mukhtaru bai ja da shi ba. Ya kwance tayar baya ya mirgina ta cikin warsha ya zauna a kanta, ya ci gaba da shan shahinsa. Bandar ya yi faɗa da Larabci, ya koma ya yi da guntuwar Hausar da ya tsinta a unguwar Mansur, Mukhtaru yana ce masa, "Tayyib, tayyib, ka gama ka je ka sayo tiyo." Ya sayo. Har yau a wurinsa yake gyara, ko in ce a wurin Maman, mutumin Maraɗi da suka daɗe suna aiki tare, domin bayan hajjin bara gwiwoyi sun ce wa Mukhtaru sun gaji da durƙuso, ya miƙa wa Maman makullan warsha ya koma gida.

Ba a yi masa walima ba. Babu wanda ya ba shi allon yabo ya rataya a falo. Ƙofa dai ta ci gaba da kuka a hannun wani, shi ke nan. Wannan abu ya tsaya min a rai, kuma da ma ina da bashin godiya a kansa wanda ya shafi gidanmu, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni Sami ne, ɗan Inna Rabi, wadda ta shekara da shekaru tana suyar masa da ƙosai a Mansur. In kai ɗan unguwar ne, ka ci na hannunta.

Yayana Abdulilah ya rasu a gangaren Hada, yana saukowa daga Ɗa'ifa a cikin motar aro. Birki ya ɗauki zafi ya saki. Ya bar 'yarsa Lujain tana ƙarama, a ɗakin Inna ta tashi. Tun daga ranar Inna ba ta sake zama a gaban mota ba. In dole ta kama, sai ta shige baya ta rufe ido ta kama carbi, ba ta buɗewa sai an ce mata an iso. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ba mu taɓa ganin laifinta ba.

Sai ga shi Allah ya ba ta jikar da ba ta da abin so a duniya kamar mota. Lujain tana aikin kula da na'urorin asibiti, kuma tun ranar da ta karɓi lasin tuƙi muka san ba mu ga komai ba tukuna. Wata rana manyan akwatuna suka iso gidanmu na Ka'akiyya, aka jibge su a hosh, wato tsakar gidan da Inna ke shanya kuɓewa. Wai mota ce. Irin wadda ake sayowa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa abarsa a gida, mai kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa. Ba ta hawa titi ba ce, ta filin wasan motoci ce, Lujain ta maimaita wa Inna wannan har bakinta ya gaji. Inna ta zagaya ƙarafan nan ta ce ita dai ƙashin kifi take gani, kuma ba da yawunta ba.

Fiye da shekara ana haka. Lujain ta dawo daga aiki ta cire abaya ta sa rigar makanikai, ƙashin kifi yana ta yin nama. Inna kuwa in za ta wuce sai ta kawar da kai kamar ta ga abin ƙi. Ni aikina riƙe fitila da shan faɗa, domin ko sifana aka ce in miƙo sai na miƙo wadda ba ita ba. Da aka zo kan birki ne Inna ta kira mu ɗakinta ta yanke hukunci.

"Na ga abin nan ba fasawa za ki yi ba," ta ce wa Lujain. "To ki ji. In ba Mukhtaru ne ya tsaya a kan birkinta ba, ba za ta fita ƙofar gidan nan da ke a ciki ba. In ya tsaya, na yarda."

Lujain ba ta so ba. Ta ce da ni, baffanta, "Ya Ammi, ni na haɗa komai da hannuna, yanzu a zo a karɓe min sifana a ƙarshe?" Na ce mata ta yi haƙuri ta ga irin mutumin tukuna.

Bai karɓe mata sifana ba. Ya zo da sandarsa, ya sa na kawo masa kujerar roba, ya zauna kusa da motar da ke ɗage a kan ƙafafun ƙarfe, ya ce, "Yalla, ya binti, nuna min." Ta shimfiɗa masa zanen da ya zo da motar, ya sa tabarau ya daɗe yana bi da yatsa, yana tambaya tana amsawa. Ita ta lanƙwasa kowane bututu, ita ta buɗa bakinsa, ita ta ɗaure. Nasa shi ne ya ce, wannan ya yi kusa da salansa, zai sha zafi, ɗaga shi. Wannan tiyon juya sitiyari mu ga ko taya za ta goge shi. Ranar da ta ɗauko wata sifana da ke yin ƙas in noti ya kai iyakar ɗaurinsa, Mukhtaru ya karɓa ya jujjuya ta kamar an ba yaro abin wasa. Ya san da irinta, amma bai taɓa yarda ya saya ba, wai hannunsa ya ishe shi. Ya gwada a noti ɗaya, ya sake gwadawa, ya yi dariya ya ce, "Karen bana shi ke maganin zomon bana. Da na san haka take da daɗi da ban yi taurin kai ba." Daga ranar suka zama abokai, ni na koma bare.

Wata Alhamis aka gama. Aka zuba man birki a ɗan farin kofinsa, Lujain ta zauna ta taka bisa ƙa'ida, aka fitar da iska, feda ta yi tauri. Aka sa ranar Asabar za a ɗauki motar a kai wani fili mai katanga na abokin Bandar, can bayan Ka'akiyya, a gwada.

Da safiyar Juma'a Mukhtaru ya zo ya sake duba ko akwai inda ke ɗiga. Muka shimfiɗa tabarma a hosh muna karya kumallo da tamis da ful, wato dafaffen wake. Kafin ya iso, Lujain ta riga ta shiga ta tattaka birkin don murna, ni ma na shiga na tattaka, ina ƙarar inji da baki kamar ba mai furfura ba. Sai ga Inna da faranti cike da masa, fuskarta a sake, abin da ba mu taɓa gani ba a kusa da motar nan.

"To, ni ma na yi nawa," ta ce tana ajiye farantin. "Da na idar da salla na ɗebo ruwan zamzam na tofa addu'a, na yayyafa wa ƙafafunta huɗu, na shafa wa abin juyawar nan. Sai na ga ɗan farin kofin can mai murfi, na ce to nan ne bakinta. Na buɗe na ba ta ta sha."

Haka take yi wa duk sabon abu da ya shigo gidanmu, daga jariri har firji. Amma lomar da ke hannun Lujain ta tsaya a iska.

"Sitti," ta ce, haka take kiran kakarta, "wane kofi?"

"Wancan mana."

Lujain ta miƙe zumbur. "Ya Allah, Sitti, wannan ai..."

Mukhtaru ya dire kofin shahinsa a kan faranti da ƙarfi. "Lujain, shahin nan ba sukari. Shiga ki kawo min sukari."

Duk Hindawiyya an san likita ya raba shi da sukari tun tuni. Lujain ta dube shi, ta haɗiye maganarta, ta shige ciki. Inna ma ta koma ɗauko yaji da ta manta.

Ga abin da ke gabanmu. Ruwa a cikin man birki, kuma mun tattaka feda, babu wanda ya san iya inda ya kai. In aka bar shi, ranar da birki ya ɗauki zafi zai iya saki. In kuwa aka gaya wa Inna gatsau, matar da ta binne ɗanta saboda birki za ta ji cewa da hannunta ta kusa aika 'yarsa. Yardar da ta bayar da ƙyar za ta koma, kuma na san ba za ta sake yarda da addu'ar hannunta ba har ta mutu. Na matsa kusa da shi na ce a hankali, "Ammu," wato baffa, "mu yi shiru. In ta tafi Harami anjima sai a canza man, ba sai ta sani ba."

"Gobe da asuba kuma ta sake ba ta ta sha," ya ce. "Ka fi ni sanin mahaifiyarka. Kuma ni ban taɓa yi wa kowa ƙarya a kan birki ba, ba zan fara da Yaya Rabi ba."

Da ta dawo ya bari ta zauna tukuna. Ya ɗauki masa ɗaya ya ci, ya yaba. Sannan ya ce, "Yaya Rabi, shekara nawa kika yi kina suya a Mansur?"

"Kai za ka tambaye ni? Ai rabin abin da na soya cikinka ya shiga."

"In mai ya yi zafi a kasko, ruwa ya ɗiga a ciki, me ke faruwa?"

Ta janye hannun rigarta ta nuna masa tsohon tabo a tsintsiyar hannu. "Tambayi wannan."

"To abin da ke cikin farin kofin can mai ne, Yaya. In ana taka birki yakan yi zafin da ya fi na kaskonki. Ruwa kuwa, ko wane iri ne, in ya ji wannan zafi tururi yake zama, tururi kuma ba ya tsayar da mota. Ruwan zamzam ba shi da laifi, ke ma ba ki da laifi. Wurin ne ba nasa ba."

Inna ba ta buƙaci ƙarin bayani ba, ta san mai ta san wuta. Na ga fuskarta tana sauka. Ta daɗe tana kallon farin kofin.

"Haka ta faru da Abdulilah?"

"Kusan haka. Man motar ya tsufa ya sha danshi, ya tafasa a gangara."

"Wato ni da hannuna..." Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi tafin hannunta kamar ba nata ba. Sannan ta ce da muryar da ban ji ta da ita ba tun ranar makokin yayana, "A kwance ta. A mayar da ita akwatunanta. Na janye."

Lujain tana tsaye a bakin ƙofa da gwangwanin sukari a hannu, hawaye na zuba. Ba za ta taɓa saɓa wa Sitti ba, duk mun san haka, ita ma motar da tana da hankali da ta san ta mutu.

Mukhtaru ya gyaɗa kai. "Gidanki ne, yadda kika ce haka za a yi. Amma ni ba na barin birki da ruwa a ciki, ko da a akwati zai kwana har tashin duniya. Sai an wanke shi da sabon mai. Kuma ina buƙatar ƙafa."

"Ga Lujain, ga Sami."

"Lujain hannunta nake buƙata a ƙasa, kin ga gwiwata ba ta durƙuso. Sami kuwa ƙafar malalaci gare shi, ka ce riƙe ya saki." Ina zaune aka yi min wannan shaida, kuma ban musa ba. "Ƙa'idata kin san ta, mai mota shi ke takawa. Motar da aka haɗa a hoshinki, wadda ba ta motsi sai da izininki, wa ke da ita?"

Inna ta harare shi. "Mukhtaru, wayo kake min."

"Wayo nake miki, Yaya. Hau."

Da ƙyar da jiɓin goshi muka shigar da ita, da kujerar tsuguno da matashi biyu a bayanta don ƙafarta ta kai. Tana ta mita, wai da tsufanta an sa ta a cikin kwando. Lujain ta zuƙe abin da ke cikin kofin ta goge shi tas, Mukhtaru ya jawo kujerarsa kusa yana riƙe da sabuwar kwalbar mai don ƙarawa. Lujain ta kwanta wajen tayar baya mafi nisa, ta maƙala siririn tiyo a ɗan notin da mai ke fita, ta sa bakinsa a kwalba.

"Taka, Yaya. Ƙara. Ƙara. To riƙe, kada ki ɗaga ƙafa ko me kika ji. Lujain, buɗe."

Wanda bai taɓa yi ba bai sani ba, in aka buɗe notin nan fedar da kake dannawa sai ta sulale ƙarƙashin ƙafarka har ƙasa, kamar ka taka matakalar da babu ita. Inna ta ƙwalla ƙara.

"Ya tafi! Mukhtaru, ya nutse!"

"Na sani. Riƙe."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Can ta ce a hankali, ba da kowa take ba, "Abin da ƙafarsa ta ji ke nan." Na ji Lujain tana shessheƙa a ƙarƙashin mota. Ni na juya na fuskanci bango, ba zan ɓoye ba, kuka na yi. Mukhtaru bai ce mata ta yi haƙuri ba, bai kawo mata wa'azi ba. Ya bar ta ta yi kukanta, ƙafarta tana danne da feda ba ta ɗaga ba. Da ya ga numfashinta ya daidaita sai ya ce, "Lujain, rufe. Yaya, saki. To, sake takawa."

Haka suka bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Taka, riƙe, saki. Tsohon mai yana fita a kwalba, sabo yana shiga ta sama. Tun Inna tana firgita in feda ta nutse har ta saba, har ta fara riga shi faɗa, tana ce wa Lujain, "Ke, na riƙe, buɗe mana." Mukhtaru bai yi rowar mai ba, sai da ya tabbatar babu ɗigon tsoho a cikin bututun nan. Da aka ɗaure noti na ƙarshe da sifanar nan mai ƙas, ya ce, "Yanzu taka da duk ƙarfinki."

Ta taka. Ta sake takawa, har ta ɗan tashi daga kan matashi.

"Ya ƙi tafiya."

"Ƙara ƙarfi."

"Na ce maka ya ƙi. Kamar na taka dandamalin siminti."

"To haka ake so ya ƙi. Riƙe shi a haka ki ji ko zai sulale."

Ta riƙe har ƙafarta ta fara rawa. Bai sulale ba.

Muka sauko da ita. Ta shige ɗaki, muka zauna jugum muna jiran a ce a kawo akwatuna. Sai ga ta da sauran ruwan zamzam ɗin a kofi. Ta miƙa wa Lujain ta ce, "Ungo, sha, tunda motarki ba ta sha." Ta ba Mukhtaru ya kurɓa. Ni ta ce malalaci ya ɗebo da kansa. Sannan tana tattara farantai, ba ta dubi kowa ba, ta ce, "Goben ƙarfe nawa za a tafi?"

Ranar Asabar aka ɗora motar a kan motar ɗaukar motoci muka bi ta a tasin Bandar, da Inna a baya, ido rufe, carbi a hannu. A filin kuwa da aka sauke ta, sai Inna ta ce ita za ta fara shiga, ai ƙafarta ce ta yi birkin. Mukhtaru ya ce a'a. Ya ce ko ita ba zai ba wannan kujera ba, sai bayansa. Ya shiga gefen Lujain da gwiwoyin nan nasa, suka tafi a hankali suka tsaya, suka ƙara gudu suka tsaya, suka dawo ya bi tayoyi yana kai bayan hannunsa kusa da kowace yana jin zafinta. Sannan ya ce, "Bismillah, Yaya."

Mun sa mata hular kwano a kan mayafi, Bandar ya juya baya don kada ta ga yana dariya. Motar ta tafi kamar mai tsoron taka ƙwai, ta tsaya. Ta sake tafiya, ta tsaya. Daga baya Lujain ta gaya mana Sitti ce ke cewa taka, ta taka, ta tsaya, Sitti ta ce madalla, mu je. Da suka kai ƙarshen filin suka juyo sai muka ji inji ya ɗaga murya. Wai Inna ce ta dube ta ta ce, "Ke, wai iyakar gudunta ke nan?" Da suka wuce ta gabanmu na ga fuskar mahaifiyata a gaban mota, idonta biyu a buɗe.

Na juya in rungume Mukhtaru, ban gan shi a gefena ba. Yana can inda motar ta tsaya ɗazu, ya durƙusa a kan gwiwoyin da suka raba shi da warsharsa, yana shafa ƙasa da yatsa ko mai ya ɗiga.

Ammu Mukhtar, kai ne ka zauna a kan tayar Bandar har ya sayo tiyo. Kai ne ka shekara fiye da arba'in kana shiga gwajin farko a motocin da ba naka ba. Alhazan da suka sauka lafiya a ƙofar masaukinsu ba su san sunanka ba, kuma ba za su sani ba, domin aikinka in ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Kai ne ka ƙi karɓar sifana daga hannun yarinya don kawai ka girme ta. Kai ne ka ƙi yi wa tsohuwa ƙarya, kuma ka ƙi barin gaskiya ta karya ta. Ni da ta haifa hanyar ɓoye-ɓoye na kawo, kai ka san ta fi ƙarfin haka. Ina alfahari da cewa daga cikinmu ka fito, mu jikokin waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna a garin nan, kuma ina faɗa da babbar murya.

Na gode. Lujain ta gode. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa yadda ka tsare rayukan mutane a titi ya tsare ka ranar da kowa ke neman tsari.

Ku kuma masu sana'a, matasanmu na Mansur da Hindawiyya da Ka'akiyya, ba sai kun iya birki ba. In kun yi aiki ku yarda ku fara shiga cikinsa da kanku. In gaskiya mai ɗaci ta kama, ku faɗe ta, amma ku tsaya tare da wanda kuka faɗa wa har ya miƙe. Da na gaya masa zan rubuta wannan, abin da ya ce kawai shi ne in ƙara da cewa mutane su riƙa canza man birki kafin ya tsufa. To, na ƙara.

Saura saƙo ɗaya, Ammu. Inna ta ce in gaya maka Asabar mai zuwa za su sake fita filin, kuma kujerar gefen direba tata ce. Wai in kana so ka zo ka yi kallo, za ta taho maka da masa.